Gwaiwar Yaro Da Abin Da Ke Ɓoye Bayanta

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako daga Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Yau maganata a kan gwaiwar yara ce. Ina roƙon malamai da akawuna su karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Galibi gwaiwar yaro ba ta da wuya. Wata 'yar kafa ce tsakanin ciki da maraina wadda ba ta rufe ba tun haihuwa, hanji ko ruwa ke zurarawa ta nan. Likita ya ɗaure ta, shi ke nan. Amma jefi-jefi in ya yanka, sai ya tarar jakar ta yi kauri, ga ruwa rawaya-rawaya, ga waɗansu ƙuraje farare kamar ƙwayar gero. To, ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa wannan tibi ne na ciki.

Wani zai ce, ina tibi ina yaron da ba ya tari? Jama'a, ƙwayar nan da Bajamushe Robert Koch ya gano a 1882 ba huhu kaɗai take ci ba. Takan bi jini ta sauka ciki, ko ta shiga ta madarar saniya mai cutar in ba a tafasa ba. Alamunta su ne rama, da zazzaɓin dare, da kumburin ciki.

Ga inda haɗarin yake. Likita yakan yanki ɗan nama ya aika a auna, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Uba kuwa da ya ga ɗinki ya warke sai ya ce an gama, ba ya komawa jin sakamako, alhali cutar na can tana cin yaro. Maganinta wata 6 ne cur, kyauta a asibitocin Gwamnati. Wanda ya yanke shi a tsakiya, ƙwayar na iya komowa da taurin kai.

Saboda haka kada a kai gwaiwar yaro ga wanzami ya yi sakiya. A kai asibiti, a koma karɓar sakamako, a ƙare magani, a auna mai tari a gidan, a yi wa jarirai allurar BCG.

Allah ya raya mana zuriya, amin.

Naku,
Wani Akawu, Sifawa.