Mai Shagon Atamfa Ba Ya Buƙatar Sabar Sukutum

Haushi nake ji idan na ga ana cusa wa ƙaramin ɗan kasuwa hayar sabar sukutum, wato na'ura guda ta shafinsa na intanet shi kaɗai. Mai shagon atamfa a Kantin Kwari, hotunan kaya da lambar WhatsApp kawai zai ɗora, me zai yi da ita? Ga tsada, ga ladan mai kula.

Ya fara da masaukin haɗaka, inda shafuka da yawa ke raba na'ura ɗaya. Da araha, amma zaman gidan haya ne: maƙwabci ya tara baƙi, naka shafin ya yi nauyi. Ranar da cinikin sallah ya fara kayar da shafin, ya koma VPS, inda za a yanka masa rabonsa na RAM a cikin na'urar. Sai dai fa sabunta Linux da tare masu kutse sun dawo wuyansa.