Sakacin da ke karya bayan talaka

Tun 1779 likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana cutar da ke cinye ƙashin baya har ta shanye ƙafafu. Bincike ya tabbatar ƙwayar tarin fuka ce, kuma magani na warkar da ita in an gano ta da wuri. Amma manomin Illela ko Malbaza yakan durƙushe kafin a ɗauki hoton bayansa. Asibitin Galmi, da mishan ta buɗe a 1950, na bakin ƙoƙarinsa. Ƙwararrun fiɗar laka kuwa akasarinsu suna Yamai, fiye da kilomita 400 daga Birnin Ƙonni. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Mahukuntan Nijar, bayan mutum nawa zai karye kafin a cika shi?