Sifaniyanci da kasuwanci: Kwas ɗin da ya kamata jami'o'in Sakkwato su duba

Duk daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallon ƙwallo a Boɗinga da Shagari ba masaka tsinke. Yaro ɗan aji uku na sakandare zai lissafo 'yan wasan Sevilla da Valencia, ya faɗi wanda aka saya da nawa aka saye shi. Amma a ce masa akwai masu shiga jami'a su shekara huɗu suna karanta harshen mutanen can haɗe da kasuwancin ƙasa da ƙasa, sai ya yi dariya. Mahaifinsa kuwa tambaya ɗaya zai yi: idan ya gama, wace ma'aikata ce za ta ɗauke shi?

Uban yana da gaskiyarsa. Mutumin da ya sayar da buhunan gero da tumaki ya biya kuɗin JAMB da na rajista ba zai so a yi masa caca da makomar ɗansa ba. Shi ya sa kowa ke rububin likitanci da lauyanci da aikin jinya, kwasa-kwasan harsuna kuma suka zama wurin da ake tura wanda makinsa bai kai ba. Sai dai akwai abin da ke wucewa ta gaban gidan wannan uba kullum, a kan titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi kudu, wanda ya isa ya sa a sake lissafi.

Abin shi ne fata. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun kafin a san wani abu wai shi Najeriya. Fatake sun riƙa ratsa sahara da fatarta zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko, domin a hannun 'yan kasuwar can Turawa suka same ta. Wato tun asali wanda ya iya magana da mai saye shi ne ya tafi da sunan, mai akuyar ya tashi da kuɗin fiɗa.

Har yau labarin bai sauya sosai ba. Ana tara fatu daga mahauta da kasuwannin ƙauye, a zuba musu gishiri, a loda zuwa masana'antun jima na Kano da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai. Daga can mafi yawan wadda ake fitarwa takan tafi ne ba a gama sarrafa ta ba, kuma Italiya da Sifaniya na cikin manyan masu sayenta. A yankin Alicante na Sifaniya akwai garuruwan Elche da Elda da suka shahara da ɗinka takalma, a kudancin ƙasar kuma akwai ƙaramin garin Ubrique da ke ɗinka jakunkuna ga manyan kamfanonin kayan ado na Turai.

Tsakanin mahaucin Shagari da mai ɗinkin Elche akwai hannaye da yawa, kowane da la'adarsa. Wannan ba laifi ba ne, haka ciniki ya gada. Inda asarar take shi ne maganar mai saye ba ta dawowa gida. Mai masana'anta a can yana rarraba fata daraja-daraja. Wadda wuƙa ta huda wajen fiɗa, ko wadda kirci ya ɓata, ko wadda aka shanya a rana ta ƙone, duk farashinta faɗuwa yake yi. Zai rubuta ƙorafinsa ga wakilinsa, wakilin ya rage kuɗi, na ƙasa da shi ma ya rage, har ragin ya iso kan mai akuya ba tare da kowa ya gaya masa dalili ba. Shi dai ya ji an ce kasuwa ta faɗi. Da akwai ɗan gari da ke karanta wannan wasiƙa da kansa, ya zo ya zauna da sarkin fawa ya bayyana masa cewa ramin wuƙa ɗaya na iya sauke fata daga daraja ta ɗaya, da gyaran ya fara daga mahauta.

Zoɓo ma haka. Ƙasar Meksiko, inda ake Sifaniyanci, ita ce babbar kasuwar busasshen zoɓon Najeriya, domin su ma jiƙa shi suke yi su sha kamar yadda ake yi a nan. An taɓa kai wa inda hukumomin Meksiko suka dakatar da shigar da shi saboda ƙwarin da ke shiga kayan ajiya, sai da aka yi ta kai-komo kafin a sake buɗe ƙofa. Jigawa da Kano da Katsina ne suka fi cin moriyar wannan ciniki, amma zoɓo ba baƙon tsiro ba ne a gonakin Sakkwato, ana shuka shi a gefen gero. Ƙa'idojin da suka sa aka rufe kasuwar da waɗanda suka sa aka buɗe ta duk da Sifaniyanci aka fara rubuta su.

Ga kuma Ikwatoriyal Gini, ƙasa ɗaya tilo mai cin gashin kanta a Afirka da Sifaniyanci ke cikin harsunan gwamnatinta. Tsibirin da birnin Malabo yake ya fi kusa da Kalaba nesa ba kusa ba a kan yadda Sakkwato take da Abuja. A duniya baki ɗaya kuwa, ƙasashe 20 ne ke aiki da harshen a hukumance, masu jin sa a matsayin harshen uwa sun kusa miliyan 500.

Wani zai ce ai duk wannan Turancin Ingilishi ya isa, in ma bai isa ba ga waya nan tana fassara. Gaskiya ne babban kamfani a Madrid yana da ma'aikacin da ke jin Ingilishi, kuma manhajar fassara takan fitar da mutum kunya wajen gaisuwa da tambayar farashi. Amma duk wanda ya taɓa zama a Kasuwar Kara ya san ba a farashi kaɗai ake ƙulla ciniki ba. Ana ƙulla shi ne a hirar da ake yi kafin a taɓa kaya, da yadda ake ba da haƙuri ranar da mota ta makara, da yadda ake gane mai cewa zai yi tunani alhali ya riga ya ƙi. Ƙananan masana'antun iyali, waɗanda su ne za su yarda su sayi kwantena ɗaya daga sabon hannu, sun fi sakin jiki da wanda ya yi musu magana da harshensu. Bahaushe ya fi kowa sanin wannan, shi da ke rage wa Bayarabe ko Inyamuri kuɗi don kawai ya taya kaya da Hausa.

To amma harshe shi kaɗai ba ya fitar da kaya, kuma a nan ne tsarin karatun da ake da shi ya gaza. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ana karantar da harsunan Turai, wato Ingilishi da Faransanci, akwai kuma sashen nazarin kasuwanci. Ɗalibin wannan da na wancan za su iya shekara huɗu suna hawa mota ɗaya zuwa mazaunin jami'ar na dindindin ba tare da karatunsu ya taɓa haɗuwa ba. Na harshe ya fito ya san adabi da nahawu, bai taɓa ganin takardar NXP da ake cikewa ta banki kafin a fitar da kaya ba. Na kasuwanci ya fito ya haddace ma'anar talla da gudanarwa, ba zai iya rubuta wa baƙo layi uku ba.

A jami'o'in Birtaniya da Amurka an daɗe da haɗa biyun a digiri ɗaya, kuma a Birtaniya galibi akan tura ɗalibi ya yi shekara guda a ƙasar da ake harshen. Abin da irin wannan ɗalibi ke koya ba boyayye ba ne. Yana sanin bambancin farashin da mai kaya ke sauke nauyinsa da zarar an loda a jirgin ruwa a Legas, da wanda ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tashar Valencia. Yana sanin yadda banki ke tsaya wa mai saye da takardar lamuni, don kada a tura kaya a zauna jiran gawon shanu. A nan gida sai a ƙara masa da rajistar hukumar NEPC mai kula da fitar da kayayyaki, da shaidar lafiyar amfanin gona ta hukumar NAQS. Mai wannan ilimi ko babu ma'aikatar da ta ɗauke shi, akwai alhazan da ke da jari da kaya waɗanda abin da suka rasa ke nan.

A faɗi gaskiya, idan za a jera harsuna bisa buƙatar Basakkwace, Faransanci ne a gaba. Daga Illela taku kaɗan ne zuwa Birnin Ƙonni. Albasar yankin nan tana kaiwa har Kwatano da Abidjan. Hausa tana kai ɗan kasuwa Maraɗi da Yamai lafiya lau, musamman yanzu da Nijar ta ayyana ta a matsayin harshen ƙasa a 2025, amma takardun kwastan da na kotu a Benin da Togo da Kwaddibuwa da Faransanci suke. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu a Najeriya, maganar ta tsaya a takarda. Saboda haka duk jami'ar da za ta fara, da Faransanci da kasuwanci ya kamata ta fara, tun da malaman suna nan.

Sai dai shekarun nan sun koya wa 'yan kasuwar iyaka darasi mai ɗaci. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, motoci suka yi layi, kayan gwari suka ruɓe. Wanda duk cinikinsa ya dogara da ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta sai ya zauna. Fata da zoɓo da riɗi ba sa ruɓewa a mako guda, kuma ta teku suke fita. Wannan ne gurbin Sifaniyanci, ko da ɗalibai ashirin ne a shekara.

Masu ganin harshen a matsayin baƙon abu da zai ɓata tarbiyya, ya kamata su tuna inda suke zaune. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga, ya wallafa littattafai a kan nahawu da sarfu. Alfiyyar da almajiran ilimi ke haddacewa har gobe, mai ita Ibn Malik a garin Jayyan na Andalus aka haife shi, wanda yau ake kira Jaén a Sifaniya. Mai tafsirin Ƙurɗubi ɗan Cordoba ne. Kusan shekara 800 da Musulmi suka yi da mulki a sassan ƙasar, daga 711 zuwa 1492, sun bar dubban kalmomin Larabci a bakin mutanenta, har da sunayen sukari da man zaitun da matashin kai. Yaron da ya yi Larabci a zaure ya riga ya saba da harshe mai jinsin namiji da mace da aikatau mai sauyawa, kuma Sifaniyanci yadda ake rubuta shi kusan haka ake karanta shi, kamar Hausar boko.

Jihar na da jami'ar tarayya, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da jami'ar ilimi mai sunan Shehu Shagari, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ba sai an jira sabon digiri da amincewar hukumar NUC ba kafin a motsa. Ana iya farawa da kwas na zaɓi ga ɗaliban kasuwanci da tattalin arziki da aikin gona, ko difloma ta shekara ɗaya ga waɗanda suka gama suna zaune a gida. Matsalar malamai gaskiya ce, amma ofishin jakadancin Sifaniya yana Abuja, kuma cibiyar Cervantes da gwamnatin ƙasar ta kafa a 1991 don yaɗa harshen tana da darussa ta intanet da jarrabawar DELE da ake karɓa a duniya.

Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari kuwa za su iya ware gurbi biyu ko uku ga 'ya'yan mahauta da majema da dillalan fata, da sharaɗin duk hutu su koma rumfar iyayensu da littafin lissafi a hannu.