Ra'ayinmu: A Duba Zukatan Waɗanda Damina Ta Karya

Duk macen da ke kasa kaya a kasuwar Tibiri ta Arewa, ko Gesheme, ko Kore Mairuwa, ta san fuskar magidancin da damina ta juya wa baya. Yakan zo ya tsaya gaban tiyar hatsi, ya tambayi farashi, ya yi shiru, ya wuce. Wani ya daina zuwa kasuwa sam saboda bashin da ake bin sa. Matarsa za ta ce maki ba ya barci, ba ya cin abinci, yara ba sa kusantarsa.

Ba yau aka fara ba. Dattawan Dallol Mauri na tune da yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, sannan ga ta 2010. Yanzu kuma ruwan ya rikice: ya makara, ya ɗauke tsakiyar damina, ko ya zubo gaba ɗaya ya rushe ɗakuna da rumbuna. Ambaliyar 2024 ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, ta kashe fiye da 300. Hukuma takan ƙidaya gidajen da suka faɗi, ta raba shinkafa da tabarmi, kuma madalla da haka. Amma wa ke ƙidaya mutanen da tunani ya kwantar? Wa ke tambayar matar da mijinta ya tafi cirani Kwatano ko Legas, ya bar ta da 'ya'ya da bashin iri?

Mu nan abin da muka saba shi ne a rufe maganar, don kada a ce akwai hauka a gida, 'yan mata su rasa manema. Sai a zaga wajen malam ko 'yan bori a ɓoye. Ba mu raina addu'a ba. Sai dai baƙin cikin da ya hana mutum barci da aiki makonni ciwo ne da likita ke magani, kamar hawan jini. Matsalar ita ce, da an ambaci ciwon ƙwaƙwalwa sai a nuna maka babban asibitin Yamai. Wanda ya kasa sayen tiya guda, ina zai samu kuɗin mota?

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ƙananan ma'aikatan jinya gane irin wannan ciwo da kula da shi a ƙauye. Muna kira ga ma'aikatar lafiya da hukumomin jihar Doso da su horar da ma'aikatan gidajen likita na Tibiri da Dogondutsi, su kuma ajiye maganin a can kusa da jama'a.

Ku kuma 'yan kasuwa kuna da naku rabon. Bashi hakki ne, a biya shi, amma tozarta mai bashi a bainar jama'a bai taɓa dawo da ko dala ba. A ja shi gefe a sa masa lokaci. Mata masu asusu, irin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a Maradi a 1991, kuna haɗuwa kowane mako. Idan wata ta yi fashin zubi sau biyu, kafin a ci ta tara, a tura mutum biyu gidanta su ga halin da take ciki, in ta kama su raka ta gidan likita.