Garma Tana Zuwa Maƙera, Mai Garma Fa?



Kowace shekara, kafin ruwan shuka ya sauka a ƙasar Gaya da Ajingi, manomi yakan kai garmarsa da fartanyarsa maƙera a gyara masu baki. Ba ya jira sai sun karye a tsakiyar gona. Amma shi mai garmar sai ya shekara goma bai miƙa hannu an auna jininsa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan. Mun gaji da tsayawa a bakin kabarin mutanen da ba su kai hamsin ba, ana cewa jiya ma lafiya lau aka rabu da su.

Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne. Sau da yawa mutum ɗaya shi ne dattijo, shi ne ma'aji, shi ke noma wa iyaye tsofaffi, shi ke biyan kuɗin makarantar yara. Mace ɗaya ita ce uwar zumunta, ita ce mai jinyar kowa. In ɗayansu ya faɗi, gida da majami'a duk su girgiza. Saboda haka lafiyar ɗan shekara arba'in ta shafi jama'a duka.

Daga arba'in jiki yakan fara ba da sanarwa a hankali. Ido ne kan fara. Mun ga yadda wasunmu ke miƙa littafin waƙoƙi nesa kafin su iya karantawa. Wannan sauyi ne na shekaru, tabarau na karatu yana magance shi. Amma akwai hawan jinin ido, wanda ke cin gani ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yana wannan aiki tun 1943. Wanda ya wuce arba'in ya je a duba shi, musamman in akwai makanta a dangi.

Hawan jini shi ne babban ɓarawo, domin yawanci ba ya nuna alama. Mutum na huɗa, yana cin tuwo, jinin na ɓata masa zuciya da ƙoda, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. In awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam dabam, sai a ga likita. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya daina don ya ji sauƙi, gama sauƙin daga maganin yake. Haka nan ciwon suga: yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, rama, gyambon da ya ƙi warkewa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a fara bincike.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa. Ta kuma ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Da damina gona ta wadatar da mu, amma da rani babur ya hana mu tafiya ko zuwa bakin kasuwa. Ƙwayoyin ciwon jiki da muke saya a kemis bayan aikin gona, in suka zama na kullum, suna cin ciki da ƙoda. Wanda ya taɓa raka mai wankin ƙoda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya san abin da ke ƙarar da gona da shanu.

Sai maganar da kunya ta rufe. Iyayenmu mata, yawanci tsakanin shekara 45 da 55 al'ada takan ɗauke. Kafin nan akwai zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, gumin dare, rashin barci, saurin fushi, har kuka ba dalili. Mun sha jin maigida ya ce matarsa ta canja hali, ko dangi su ce jifa ne. Ba jifa ba ne, mataki ne na rayuwa, yana bukatar haƙurin miji. Amma jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ƙullutu a nono, wannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba. Mu maza kuma, ƙarfi yakan ragu, fitsari yakan fara wahalar fita. Maimakon mu faɗa wa likita sai mu sayi maganin tasha a ɓoye. Sau da yawa raunin nan alama ce ta suga ko hawan jini.

Zuciya ma tana gajiya. Yara sun tafi birni, iyaye suna tsufa, bashi na jira. In baƙin ciki ya wuce mako biyu, barci da abinci da sha'awar aiki suka gudu, ciwo ne da ake magani. Kada mu ce wa irin wannan ɗan'uwa bangaskiyarsa ce ta yi sanyi.

Wani zai ce rai a hannun Allah yake. Gaskiya ne, ruwan sama ma a hannunsa yake, duk da haka muna gyara garma. Wani zai ce babu kuɗi. Awon jini a asibitin Gaya ko a ƙaramin asibiti mafi kusa bai kai kuɗin motar ɗaukar mara lafiya ta Wudil zuwa Kano da tsakar dare ba.

Ga roƙonmu ga dattawa. Kowace ikkilisiya ta sayi na'urar awon jini daga baiko, ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu amfani da ita, a riƙa awo Lahadin farko ta kowane wata bayan sujada, a rubuta a littafi. Zumuntar mata da ta maza kowace ta keɓe zama ɗaya don waɗannan maganganu. Da kaka kowane gida ya ware 'yan kwanukan gyaɗa ko wake don asibiti. A kuma raba aikin ikkilisiya, kada a ɗora wa mutum ɗaya har ya durƙusa.

Mu masu wa'azi mu za mu fara miƙa hannu a auna mu a gaban jama'a. Ubangiji ya ba mu lafiya da tsawon rai. Amin.