A kunna filash ko da rana tsaka

Daga Gidan Rumji zuwa Agiye har Gazawa, duk inda ake biki ko suna, za ka ga mai hoto ya jera mutane suna fuskantar rana, filash ɗinsa a kashe, wai fitila aikin dare ce. Hoton ya fito idanu a runtse, goshi na ƙyalli, ƙarƙashin hula da rawani baƙi ƙirin. A ganina, ranar nan tamu ta fi dare buƙatar filash.

Farar shadda a zafin watan Afrilu tana ruɗa ma'aunin kyamara. Sai ta rage haske don kada aikin rigar ya ɓace, fuskar mai rigar kuwa ta nutse cikin duhu. Dubi hotunan hawan salla a Tsibirin Gobir: doki da kayansa tsaf, mahayin sai an tambaya wane ne.

Gyaran ba wuya. Wanda za a ɗauka ya ba rana baya. A saita kyamara da hasken fili, ISO 100, f/11 ko f/16, saurin ɗauka kada ya wuce 1/200 ko 1/250, don a nan yawancin kyamarori suke daidaita da filash. Sannan a rage ƙarfinsa ya zama rabi ko kwata na hasken rana. Cike inuwa kawai ake so. A kuma matso kusa, domin wanda ya ja da baya daga mita 2 zuwa 4, kwatan hasken ne ke isa fuska. Ƴar fitilar waya ba ta wannan aiki. Wanda kuɗin batir ya yi wa nauyi ya sa yaro ya riƙe farin zane a gefe ya mayar da haske. Ko mai hoto Seydou Keïta, da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida ya yi suna, da hasken rana.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Amarya ta ce, “Malam, ka baƙanta ni,” sai a shiga kwamfuta a yi ta wanke fatarta har uwarta ta kasa gane ta. Kamfanin Kodak ya daɗe yana auna launin hotuna da fatar Baturiya; bai kamata mu ci gaba da wannan da hannunmu ba. Launinta ba shi da laifi, haske ne bai isa fuskarta ba, kuma masu shagon hoto a Maradi ya kamata su koya wa yaransu wannan tun kafin su tura su ƙauye ɗaukar biki.