RA'AYINMU: Mawaƙa Sun Riga Mu Shiga Ƙauye

Duk mazaunin Zuru ya san yadda gari ke komawa in Sallah ta ƙarato. Sai ka ga an lilliƙa fastoci a tasha da bakin kasuwa, mota mai lasifika tana zaga unguwanni, wai mawaƙi wane zai zo gaida masoyansa. Ba babban filin wasa ake kamawa ba. Ɗakin taro ne, ko harabar otal, ko wani fili da aka kewaye da kwano, a tsayar da ƙarti biyu a ƙofa suna karɓar kuɗi. Yau Zuru, gobe Yawuri, jibi Kontagora. Shi ne abin da samari ke kira gala.

Mun san akwai 'yan'uwa matasa da abin ke ƙona wa rai, har wasu na ganin maganinsa sanda ce. To, kafin a ɗauki sanda, a tsaya a san abin da ya kawo su.

Kuɗi ne ya kawo su. Zamanin kaset da faifan CD ya wuce. Waƙa ta fito yau, gobe tana cikin wayar kowa, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa shi ke cin ribar. Abin da ya rage wa mawaƙi sai biki, sai 'yan siyasa, sai kuɗin ƙofa. Ga shi a Kano akwai hukumar tace finafinai tun 2001, ga Hisba, duk sun sa ido. Don haka mai shirya wasa ya gwammace ƙaramin gari, inda hayar wuri ba tsada, masu tambayar takarda kuma ba yawa. Dabarar ma ba tasu ba ce. A 1972 Paul McCartney, bayan watsewar ƙungiyar Beatles, ya loda sababbin makaɗansa a mota suna bin jami'o'in Ingila ba sanarwa, su yi kiɗa a ɗakin ɗalibai su karɓi 'yan sulalla. A nan gida kuwa marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shafe rayuwarsa yana bin gari gari. Ba yabon sana'ar muke yi ba, amma mutanen nan sun gane abu guda: wanda ya tako ya zo garinku, ya kama sunan unguwarku, ba ku mantawa da shi.

Maganar hukuncin kiɗa mun bar wa malamai. An san mafi yawan magabata sun tsananta, an kuma san irin su Ibn Hazm da Imam Gazali sun sassauta. Amma cakuɗuwar maza da mata cikin duhu, da shaye-shayen da ake yi a bayan katanga, da ƙananan yara mata da ke kai wa tsakar dare a waje, wannan ba mai kare shi, ko Musulmi ko Kirista.

Ga kuma haɗarin rai, wanda ba a cika magana a kansa ba. Ƙaramin wuri, ƙofa ɗaya, ita ma an tsuke ta don kada wani ya shiga kyauta, janareta da jarkar mai a gefe, wayar wuta an yi mata ɗaurin talala. A watan Fabrairu na 2003, a jihar Rhode Island ta Amurka, wata ƙungiyar makaɗa mai suna Great White ta kunna wasan wuta a wani ƙaramin gidan rawa, rufin ya kama, mutum 100 suka hallaka, da yawansu a cunkoson ƙofa. In wani ya ce ai can Turai ne, ya tambayi dattijan Kano labarin silimar El-Duniya da ta ƙone a 1951 da mutum fiye da 300 a ciki. Sannan wanda ya taso daga ƙauye kan babur, ta wace hanya zai koma ƙarfe ɗayan dare? Ƙasar Zuru ce fa, inda a Nuwamban 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Haƙƙi ne a kan ƙaramar hukuma da masarauta kada su bari a yi irin wannan taro sai an ga ƙofofin fita, an ƙayyade yawan mutane da lokacin tashi, an hana yara shiga. Wannan magana ce da dattawanmu za su iya kai wa fada tare da shugabannin coci, domin 'ya'yan kowa ne a cikin ɗakin.

Sanda kuwa, a'a. Zuru ba Gwandu ba ce. Nan ƙasar Lelna ce, inda a gida ɗaya za ka tarar da mai zuwa masallaci, da mai zuwa coci, da tsohon da bai bar al'adar kakanni ba, kuma ranar Uhola duk su hallara. In ka jefa dutse cikin taro, ba ka san kan wa zai sauka ba, kuma kafin gari ya waye labari ya koma na addini. A tuna Kaduna a Nuwamban 2002. Rikicin da ya biyo bayan gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka fiye da 200, masu gasar kuwa suka tattara suka koma Landan suka yi abinsu. Wa ya yi asara?

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne wannan: mawaƙi ya yarda ya sha ƙura ya je inda mutum 200 ne kawai za su saurare shi, mu kuwa muna jiran babban taro da babban malami da babbar lasifika. Yaron da ya biya kuɗin ƙofa, sau nawa wani ɗan'uwa ya zauna da shi a majalisarsu ya ji damuwarsa? Ya gama sakandare ba aiki, gonar ubansa ba ta shiguwa saboda tsoro, dare ya yi ba wuta. Mawaƙi ne kaɗai ya zo nemansa, ko da yake aljihunsa ya zo nema.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai zauna Degel yana jiran jama'a ba. Tun yana ɗan shekara 20 ya fara fita wa'azi, ya shiga ƙasar Kabi, ya yi kimanin shekara 5 a Zamfara, yana magana da Fulatanci da Hausa, yana tsara waƙoƙin wa'azi don wanda bai iya karatu ba ya haddace. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajjinta har cikin ƙauyuka suna karantar da mata. Mu da muke ikirarin gadonsu, wa ya hana mu?

Don haka kafin fastocin Sallah mai zuwa su fito, kowace halƙa ta zaɓi unguwa ko ƙauye ɗaya. A je su biyar ko shida, a fara gaida mai gari, a zauna a tabarma ba a kan mumbari ba. Mai jin C'lela shi zai yi magana inda Hausa ba ta ratsa zuciya. Mai murya ya tafi da waƙen wa'azi, masu ƙwallo su shirya wasa da yamma, wanda ya iya gyaran waya ko babur ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Masu zuwa Riba da Mahuta da Dirin Daji su nemi labarin hanya tun da asuba, su kuma juyo gida kafin la'asar ta yi sanyi.